Ƙarfen da Ke Roƙon Ruwa

Shekara goma sha tara ke nan makullin ƙofar ruwan garinmu Mlowasi yana rataye a wuyana, kuma ba irin shirmen da ban gani ba a kan ruwa. Na ga wa da ƙane sun dambace a cikin laka har wando ya rabu da mai shi. Na ga wanda ya toshe hanyar ruwa da katifar matarsa. Amma mutum ya miƙe a gaban taro, lafiyarsa ƙalau, ya ce gona ba ta son ruwa a tsakiyar rani, wannan ban taɓa gani ba sai da Fulgence Kihwele ya dawo mana daga kwalejin injiniyoyi.

Mu albasa muke nomawa da ruwan kogin Lukosi. Hanyar ruwan ɗaya ce, gonaki kuwa rututu, shi ya sa kowa yake da rana ɗaya a mako. Duk Litinin da safe muna taruwa a gindin kuka in karanta wa kowa ranarsa. Dokar ba ta da wuya: wanda ya ce da bakinsa, sau uku, a gaban jama'a, ya yafe ranarsa, ruwan ya koma ga maƙwabcin da suka haɗa iyaka, ba ya dawowa gare shi sai wani makon. Tun da na karɓi makullin ba wanda ya taɓa furta kalmar, don ba mahaukaci a cikinmu.

Veneranda, ƙanwar mahaifin Fulgence, ita ta raine shi tun da uban ya rasu, har duk gari muka bi bakinsa muna ce mata Shangazi, wato gwaggo a harshenmu. Fangali ashirin da huɗu gare ta, su ne cinta, su ne suturarta na shekara guda. Ranar ruwanta Talata. Mace ce mai kaifin baki, ko ni tana gaya mini magana ta kwana lafiya, amma da an zo kan yaron nan sai ta zama ruwan sanyi. A coci ma in ta tashi addu'a sai ta tuna wa Ubangiji cewa ɗanta injiniya ne.

Ranar da ya iso, a bayan ɗan acaɓa ya zo, da kwali a cinya da farar hular kwano irin ta masu gini. Hular nan ko ugali, tuwonmu na masara, zai ci ba ya cire ta. Ya nemi in ba shi minti biyar a taron Litinin, ya ci arba'in. Ya ce aikinsa na shekarar ƙarshe ne, da shi za a ba shi takardar kammalawa. Ya zaro wani akwatin roba mai haƙoran ƙarfe uku da faranti mai zuƙar rana, ya ɗaga sama yadda kowa zai gani, ya ce sunansa Kihwele Na Ɗaya. Daga nan ya shiga Turanci bai fito ba. Abin da muka tsinta shi ne duk 'yan ajinsu shi suke leƙe, malamansa tsoron tambayarsa suke yi, kuma wani kamfanin ƙasar waje yana binsa yana guje musu.

"Iyayena, zamanin zato ya ƙare," in ji shi da ya dawo harshenmu. "Daga yau ƙasa da kanta za ta riƙa bugo mini waya."

Zakayo, wanda gonarsa ke jikin ta Shangazi, mutum ne da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa. Ya cire tsinken da ke bakinsa ya ce, "To ka gaya mata ta hau kan juji in za ta buga, nan ƙasa ba sabis."

Aka yi dariya. Fulgence ya gyara hula ya ce haka aka yi wa duk manyan masu ƙirƙira.

Ya kafa Kihwele Na Ɗaya a tsakiyar gonar Shangazi. Washegari da hantsi garken gwaggon biri suka gangaro daga dutse neman abin taɓawa, babbansu ya ga faranti yana walƙiya, ya cizge shi ya tafi. Muna kallo ya hau wani falalen dutse ya zauna yana duba fuskarsa a ciki, yana juya kai hagu da dama. Fulgence ya bi shi da gudu yana kiran a mutunta ilimi. Bayan awa biyu ya dawo ba faranti, ba takalmi ɗaya, ƙaya ta yi masa zane a wando. Zakayo ya tare shi a hanya ya tambaye shi ko wakilin kamfanin ƙasar wajen ne ya zo karɓar kaya.

Kihwele Na Biyu ya zo da sabon faranti ɗaure a kan dogon gora, wayar lantarki ta sauko daga sama. Awakin gidan malamin coci suka ɗanɗana wayar, ta yi musu, suka cinye har inda wuyansu ya kai. Ya gyara, ya kewaye da ƙaya. Sannan ya haɗa na'urar da wayar Shangazi ta riƙa aiko mata da saƙo, sai dai ya yi kuskure a wani wuri, maimakon sau biyu a rana take aikowa duk minti biyu. Ran Lahadi wayar na ƙulle a bakin zanenta tana ta kukan tsiyako tun daga karatun farko har huɗuba, sai da Fada, limamin cocin, ya dakata ya ce wanda ya zo da kaji ya fitar da su. Shangazi ta dawo gida ta kashe wayar ta tura ta cikin garwar gari. Da ma saƙon lambobi ne zalla, ita kuwa tabaraunta ya fashe tun bara.

Wani zai ce yaron ya rage baki daga nan. Ina. Ya ce na'ura ba ta da laifi, mutane ne ba sa karatu, saboda haka zai ba ta murya. Ya je kasuwar Alhamis ya sayo tsohuwar lasifikar hannu wurin wani ɗan talla, irin mai ajiye murya tana maimaitawa. Ya kuma ciro na'urar daga tsakiyar gona ya dawo da ita can gefe, gindin tsamiya, daidai bakin hanyar da ake bi zuwa kogi. Ya ce don tsaro ne. Mu dai mun ga ya rubuta sunansa a jiki da jan fenti, harufa manya-manya, ya juya su suna kallon hanya.

Ya tara mu gwajin Kihwele Na Uku. Ya ce a yi shiru, yau ƙasa za ta yi magana a karo na farko a tarihin gundumar nan. Ya danna. Lasifika ta yi tari, sai ta ɓarke da ƙarfi tana tallan maganin ɓera da kuɗin cizo, ya ci ya mutu ya bushe ba wari. Mata biyu suka matso suna tambayar nawa ne ƙulli. Zakayo ya kwanta a kan ciyawa yana riƙe ciki, ni kaina sai da na juya baya don kada girma ya zube.

Ya kai lasifikar gida ya goge tallan, ya sa tasa muryar. Nan ne fa aka samu matsala, don yaron ya ga ya iya wasan kwaikwayo. Ya karyar da murya ya yi ta abin tausayi, ta yaro mai tarbiyya da rana ta buga. Da ƙasan da haƙoran ke ciki ta bushe sai ka ji ya fara da gaisuwar da yaro ke yi wa manya: "Shikamoo iyayena. Ƙishirwa nake ji. Don Allah a taimaka mini da ruwa." In ta jiƙe kuma: "Na gode, Allah ya ƙara arziki." Ya gama, ya hau acaɓa ya koma kwaleji, ya ce daga can zai riƙa kallon gonar a kwamfutarsa. Bai gaya wa kowa cewa a madadin gona ƙarfen ke magana ba. Ko ya faɗa, to a cikin Turancin nan ne.

Bibi Sekalinga, wato Kaka Sekalinga, ita ce ta fara cin karo da shi. Tsohuwa ce da ta riga kowa a garin haihuwa, amma har yau da kanta take ɗebo ruwanta a ɗan bokiti. Tana tahowa daga kogi ta ji an gaishe ta daga gindin tsamiya. Ta tsaya ta amsa da marahaba yadda babba ke amsa gaisuwar yaro, ta duba ba kowa sai akwati. Akwati ya ce ƙishirwa yake ji. Mu kuwa a nan, kana ɗauke da ruwa ba ka wuce wanda ya roƙe ka, ko da jiya ya zagi uwarka. Ta sauke bokiti, ta cika moɗa ta zuba masa a gindi. Ya yi godiya ya sa mata albarka. Kafin rana ta raba duk gari ya ji cewa abin da ɗan Veneranda ya ƙera ya fi mai ƙera shi ladabi.

Daga ranar ba macen da za ta wuce da ruwa ya yi magana ba ta tsaya ba. Wasu ma ba sa jira ya roƙa, albarkar suke so. Da suka ga ana cunkoso sai suka tsara wa kansu layi, kowa da ranarta, ba tare da an tuntuɓe ni ba, ni da rabon ruwa ke hannuna. Wata ta kawo masa kunu da ya huce. Wani mashayi ya zauna kusa da shi rabin yini yana ba shi labarin yadda matarsa ta tafi. Shangazi kuwa safe da yamma take zuwa da kofinta, ta ce ba za ta iya jin muryar ɗanta tana kuka ta zauna ba. Kuma tunda gaskiya na zo faɗa, ni ma na tsiyaya masa daga gorata sau biyu. Na ɗauka irin na babbar mota ne, in inji ya yi zafi a ba shi ruwa.

Litinin ta zagayo, sai ga Fulgence da kwamfuta a hamata. Ya buɗe ta a kan kututture ya nuna mana wani shuɗin layi miƙaƙƙe a can sama. Ya ce laimar gonar Shangazi casa'in da takwas ce cikin ɗari, kwana shida ba ta motsa ba. Ya ce ya gano abin da kakanninmu suka kasa ganowa, akwai ruwa kwance a ƙarƙashin gonar, shekara da shekaru ana ta ɓarna ana shayar da mai ƙoshi. Saboda haka gobe Talata Shangazi ba ta bukatar ruwa.

"Yaro," na ce, "ka shiga gonar kuwa?"

"Mzee," in ji shi, haka ake kiran dattijo a nan, "likita ba sai ya shiga cikin mara lafiya yake sanin ciwonsa ba."

"Amma yakan dube shi."

"Ga shi ina dubawa," ya ce, yana ƙwanƙwasa gilashin kwamfutar da farce.

Shangazi ta ce ita dai a ganinta ƙasar ta fara fari. Ya dafa kafaɗarta ya ce ido yana yaudara, lamba ba ta yi. Ya tambaye ta a gaban kowa ko ta daina yarda da shi ne. Ta dube shi, ta dubi matan cocinsu da ta cika wa kunne da labarinsa, ta ce ta yafe. Na tambaye ta har sau uku yadda doka ta ce, sau uku ta amsa. Zakayo ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya ja da ran ilimin zamani. Ran Talata na buɗe masa ruwan Shangazi, ran Juma'a na buɗe masa nasa, albasarsa ta miƙe tana sheƙi.

Ta Shangazi kuwa ta fara sunkuyar da kai. Bakin ganyen ya yi ja, ƙasa ta fara tsagewa. Ta tono wayarta daga garwar gari ta kira shi ta ce albasa fa ta kwanta. Ya ce albishir ne, a littafi an rubuta cewa albasa in ta ƙoshi kwanciya take yi. Ta zo ta maimaita mana a bakin hanyar ruwa, tana kallon fuskokinmu ko wani zai gaskata mata.

"Haka ne," in ji Zakayo. "Kakata ma da ta ƙoshi kwanciya ta yi, bana shekara tara ba ta tashi ba."

Litinin ta biyu tun kafin in buɗe baki Shangazi ta ce gobe a ba ta ruwanta. Fulgence, da ya sake zuwa taron, ya ja ta gefe yana raɗa, irin raɗar da har na bayan kuka ke ji. Ya ce ran Juma'a malamarsa Dakta Sanga za ta zo da kanta ta ga aikin ta ba shi maki. Rahotonsa shafi sittin ne, duk a kan cewa gonar ba ta bukatar ban ruwa. In ruwa ya shiga gobe, rahoton ya rushe, shekara huɗun da ta yi tana ɗawainiya da shi sun bi ruwa. Kwana huɗu kawai yake roƙo.

Shangazi ta dawo gabana. Ta juya ta hangi gonar, ta juyo ta dubi yaron da farar hularsa. Na tsawaita tambayar da gangan, na yi tari, na gyara igiyar makulli, ko za ta farfaɗo. Ta ce ta yafe, idonta a ƙasa, ta ukun ma da ƙyar na ji. Ranar na ji haushin yaron, na ji haushin dokar, na ji haushin kaina da ke riƙe da ita. Tausayin Veneranda kuwa ya hana ni cin abincin rana. Ko Zakayo bai yi wata ba'a ba, tsinkensa kawai ya ci gaba da tauna.

Juma'a da sassafe Fulgence ya iso cikin kwat da lakataye. Tun da ya kafa na ukun, sai ranar ya ga gonar ido da ido, kwana goma sha bakwai rabonta da ruwa. Na ga ya ɗan yi turus. Sai ya ce wata cuta ce ta ganye, ba ta shafi bincikensa ba, zai duba ta bayan an tashi. Ya aro bencina daga coci ya jera su suna kallon kogi, bayansu ga gonar. Ya kafa gora biyu ya ɗaura wani ƙaton farin ƙyalle mai ɗauke da sunansa da hotonsa, ya tare fangalin da shi tsaf. Ya roƙe mu in malamarsa ta yi tambaya kada kowa ya amsa sai shi.

Dakta Sanga 'yar ƙaramar mace ce, ta sauko daga mota da takalmin roba da littafi, ba ta da yawan magana. Ta gaishe da manya yadda ya kamata, ta wuce kai tsaye gindin tsamiya. Wurin ya zama dausayi. Ciyawa shar har gwiwa, laka, tumatir ya tsiro da kansa, ga wani kwaɗo ya hau kan akwatin ya yi ɗaiɗai. Ta tambayi me ya sa nan ya yi kore haka. Fulgence ya ce hujja ce ta farko ke nan, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ke tasowa. Ta rubuta wani abu, ta je ta zauna.

Ya fara jawabi. Ya gode wa kansa a fakaice, ya yafe wa waɗanda suka yi masa dariya, ya ce shekara biyar nan gaba za a rufe hanyar ruwan Mlowasi a mai da ita wurin tarihi, ni kuma a ba ni hutu. Ya daɗe yana yi, don saboda baƙi matan ba su je kogi da wuri ba, ba wanda ya shayar da ƙarfen tun safe. Rana ta take. Kwamfutar na buɗe a kan tebur gaban Dakta, shuɗin layin ya fara gangarowa. Yana tsakiyar bayanin yadda ƙasashen waje za su yi layi, sai murya ta tashi daga gindin tsamiya tana gaida iyaye tana roƙon ruwa.

Ranar layin Bibi Sekalinga ne. Ta miƙe daga benci na gaba, ta ɗauki ɗan bokitinta, ta ratsa ta gaban mai jawabi ba ko sannu. Ta amsa gaisuwa, ta ce wa akwatin ya yi haƙuri, surutu ne ya riƙe ta. Ta zuba moɗa biyu. Akwati ya yi godiya ya sa albarka. Dakta Sanga na kallon kwamfuta, layin ya yi tsalle ya koma casa'in da takwas.

"Bibi," ta ce a hankali, "tun yaushe kuke ba shi ruwa?"

"Tun ranar da uban ya tafi ya bar shi, 'yata. Ko sau ɗaya bai kwana da ƙishirwa ba."

Nan fa mata suka ga za a yi yabo ba su. Wannan ta ce ita ke Laraba, waccan ta ce ita sau uku take zubawa ba sau biyu ba, mai kunu ta ce a rubuta har da kununta. Wani ɗan baƙin ciki ya nuna ni ya ce har da Mzee mai makulli. Dakta ta rufe littafinta. Ta tashi ta zagaya bayan bencina, ta kama gefen farin ƙyallen ta ja, gora ɗaya ta faɗi, hoton Fulgence ya kifa da fuska. Ga fangali ashirin da huɗu a fili, jajir, ganye a shimfiɗe, ƙasa ta dare har hannu na shiga.

Fulgence ya ce zagon ƙasa aka yi masa, an haɗa baki don a ga bayan ilimi.

"Kai Injiniya, ka ji tsoron Allah," in ji Zakayo. "Ka haifi maraya ka yar a bakin hanya, gari ya raine maka shi, ka zo kana zagin mutane?"

Ya ce zai nuna mana yanzun nan. Ya tuɓe kwat, ya tumɓuke na'urar daga laka, ya ruga da ita tsakiyar gona zai kafa. Haƙoran suka ƙi shiga. Ya danna da hannu, ya hau da ƙafa biyu yana tsalle, ya sauko ya cire hular kwanon, karo na farko da muka ga tsakar kansa tun zuwansa, ya shiga buga akwatin da ita. Hula ta tsage biyu, haƙori ɗaya ya lanƙwashe. Wani abu kuma ya maƙale a ciki, lasifika ta kama roƙon ruwa ba tsayawa, gaisuwa a kan gaisuwa. Matan suka fara mutsu-mutsu a kan benci, don jin roƙon ba amsa yana ci musu rai. Bibi Sekalinga ta sake cika moɗa ta nufi gonar, sai da jikokinta biyu suka riƙe ta tana cewa su sake ta, ba imani gare su ba.

Dakta ce ta je ta zare wata waya, wuri ya yi tsit. Ta ce masa na'urarsa ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba, ta faɗi gaskiyar taku ɗayan da ya kafa ta a ciki, sauran gonar kuwa aikin ƙafarsa ne, bai taka ba. Ta ce sai baɗi, ya sake aikin daga farko.

Sai Shangazi ta miƙe. Ta shiga fangali na farko ta durƙusa, ta tona da yatsa ta ciro albasa ɗaya. Ba ta fi ƙwallon dabino ba. Ta riƙe ta a tafin hannu tana kallo, masu dariya suka haɗiye dariyarsu. Ta ɗago ta tambaye ni ranarta, alhali ta sani. Na ce Talata. Ba manomin da ke wurin da bai san cewa kafin Talata ko ɗaya ba za ta kai ba. Ruwan yau kuwa na Zakayo ne, yana ta gudu a hanyar ruwa ta gefenmu, muna jin ƙararsa.

Ido ya koma kan Zakayo. Ya sosa ƙeya, ya ce a daina kallonsa kamar shi ya ƙera abin. Ya ce albasarsa ta sha ruwa makon nan biyu har gyatsa take yi, yana tsoron kada ta ruɓe, don kansa zai yi ba don kowa ba. Ya juyo gare ni ya ce ya yafe, ya yafe, ya yafe, a haɗe, don kada in ɓata lokaci da tambaya. Sharaɗinsa ɗaya ne, Injiniya ya buɗe ruwan da hannunsa.

Aka miƙa wa Fulgence fartanya. Ya naɗe hannun riga, ya fara bayanin kusurwar da ta fi dacewa a sari ƙasa, na ce masa ya sara kawai. Ya yi gaba ya dawo, ya leƙa nan ya leƙa can. Ashe mai shafi sittin bai san ta inda ruwa ke shiga gonar da ta ciyar da shi ba. Girman kai ya hana shi tambaya, ya zaɓi wuri ya rafka sara uku. Gefen hanya ya fasa. Ruwa ya ɓalle ya bi ƙarƙashin bencina, mata suka ɗage zannuwa suna tsalle, Dakta ta suri kwamfuta, takalman 'yan coci suka kama hanyar kogi. Shi kuwa garin tarewa da ƙafa santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas a tsakiya, lakataye na yawo a kan ruwa.

Shangazi ta zo ta zare fartanyar daga hannunsa. Sara biyu ta toshe ɓarakar, ta taka 'yan taku ta yi ɗaya, ruwa ya juya ya shiga gonarta. Ƙasar ta riƙa zuƙewa tana ƙara, fangalin farko ya daɗe bai cika ba. Ta cire takalmi ta shiga ta tsaya a ciki, tana bin ruwan da fartanya daga wannan zuwa wancan, hawaye na zuba ba ta share ba. Na bi ta da ido ina duba ganyen, ni da ita mun san waɗanda za su tashi ba su fi tara ba. Sauran sha biyar an yi asararsu, shekarar nan sai dai ta ci da haƙuri.

Fulgence ya taso yana ɗiga, ya lallaɓo ya tsaya a bakin fangalin. Na ɗauka haƙuri zai ba ta, har na fara sauko masa a raina. Ya yi gyaran murya ya ce ya riga ya gano inda aka samu kuskure, kuma Kihwele Na Huɗu zai zo da haƙora shida, in ta ba shi fangali taran nan kawai ya gwada.

Ba ta ɗago ba. Ta datse ruwa ta buɗe wa na gaba, sannan ta ce, "Fulgence, ɗana, Allah ya sani ina sonka, ugalinka na nan a rufe, je ka ci. Amma in ka ƙara taimaka mini, sai na kai ka ƙara wurin hukuma."